Akuyar Da Na Ba Da Jingina A Gwange

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Wasu gajiya ce ta ɗauke su, wasu kuma ni na kore su da gangan don in samu in yi barci. Amma zancen akuyar da na ba da jingina a Gwange, wannan kam sai dai a binne ni da shi. Ko yau in ina zaune a rumfata na ji akuya ta yi kuka a bayana, sai in ji raina ya ɓaci, in waiwaya ina neman wanda zan zaga.

Ni maƙerin gwangwani ne. Fitilar aci-balbal, mazurari, gwangwanin awon mai, duk abin da za a yanko daga jikin garwar kananzir a lanƙwasa a liƙe da dalma, aikina ne. Karatu kuwa allo na yi, shi ma ban kai ko'ina ba, saboda haka mai neman zance mai ado ya nemi wani. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Na baro ƙasar Kano na zo Yerwa, wato Maiduguri, ana saura kaɗan a samu mulkin kai, a saman lodin wata babbar mota, ni da mai ɗakina da 'yarmu a goye. Kayanmu ba su da yawa: tabarma, tukwane, buhun kayan aikina, sai kuma wata jar akuya mai farin goshi. Akuyar nan ba tawa ba ce. Surukata ce ta jawo ta har bakin mota ranar da za mu taso, ta danƙa wa 'yarta igiyar, ta ce mata, "Garin da za ki ba ki da kowa. Ki riƙe wannan, ko ba komai kin san kina da abin da yake naki." Duk tsawon hanya a kan cinyarta akuyar ta zo. Ni da na biya kuɗin mota ban samu wannan gatan ba.

Da muka sauka aka ce mini akwai wani mutumin ƙasarmu a Gwange mai ba da hayar ɗakuna. Na ji daɗi, na ce Allah ya haɗa ni da na gida. Alhaji ake ce masa. Sai daga baya na ji asalin wannan Alhajin. Wai tun yana saurayi ya baro gida da niyyar tafiya Makka a ƙasa, kamar yadda mutane suke yi a wancan zamani. Ya iso Yerwa ya ce bari ya ɗan huta, sai ya ga ana samun riba a fataucin bandar kifi. Hutun nan shi yake yi har ranar da na same shi da furfura. An ce ya taɓa kaiwa Dikwa, nan gabas da Yerwa kaɗan, ya juyo. Kowace shekara in matafiya za su wuce gabas sai ya raka su bakin gari ya ce baɗi da shi. Mutane suka gaji da jira, suka ara masa sunan Alhaji kafin ya je, shi kuma bai mayar ba. Da ina da wayo, daga nan ya kamata in gane irin mutumin da ake ba wa abu ya riƙe.

Ya nuna mini ɗakin. Ɗakin ƙasa ne a can ƙuryar gida, ba ƙyaure, sai wani yagaggen asabari, ƙasan kuma turɓaya ce har idon sawu. Muka daidaita a kan haya. Ina shirin godiya sai ya ɗaga hannu.

"Saura ajiya, maƙeri."

"Wace ajiya kuma, Alhaji?"

"Wanda ya tashi a ɗakin nan guduwa ya yi, ya bar mini bango a fashe. Tun daga ranar na rantse ba mai shigar mini ɗaki sai ya ajiye wani abu a hannuna. Ba haya ba ce, amana ce. Ranar da ka tashi ka bar mini ɗakina yadda ka same shi, ka ɗauki abinka ka tafi."

Ya faɗi abin da yake so, ni kuwa ko rabinsa ba ni da shi. Na yi masa bayani. Yana saurarona ne, amma idonsa yana kan jar akuya da take tsaye a bayan mai ɗakina.

"Waccan fa?"

"Ta iyali ce, Alhaji."

"To ni na ce zan ci ta ne? Ta zauna a hannuna jingina. Ga turke can a gindin bishiya. Gida ɗaya muke, kullum uwargida tana ganin abarta. Ni da kai 'yan ƙasa ɗaya ne, haba, mu zo bariki mu cuci juna?"

Rana ta yi sanyi, yarinya tana kuka, ba mu da inda za mu kwana. Na ce na yarda. Mai ɗakina ta kai akuyar turke. Sai da muka shiga ɗaki ta sauke goyo, sannan ta dube ni.

"Malam, me ya hana ka ba shi gudumarka?"

"In ba shi guduma in yi aiki da me, da goshina?"

"Au, abin da kake aiki da shi ba ya bayuwa, sai nawa."

Abin ya sosa mini rai, na buɗe baki na yi rantsuwa. Na ce wallahi ranar da muka bar gidan nan da akuyarki za mu fita. Ta ce, "Na ji. Allah ma ya ji." Ta juya ta hau shara. Wannan rantsuwa ita ce ta zame mini kaya na shekaru.

A zatona tunda akuya tana hannun Alhaji, shi zai ciyar da ita. Gari na wayewa sai ga shi a ƙofar ɗakinmu yana gyara hula. "Maƙeri, akuyarku tana kuka, ko ba ku ji ba?" Daga ranar ciyarwa ta dawo kanmu. Dusa, ƙasari, harawa, duk mai ɗakina ce. Na yanke mata gindin wata garwa na yi mata tasa ta zuba abincin. Tasar ta taɓa tsagewa na liƙe ta, sai ta zama tana da wata murya kamar ta mai mura. In mai ɗakina ta ƙwanƙwasa ta da bayan ludayi, ko akuyar nan tana ƙarshen unguwa sai ka ga ta taho a guje kamar an biyo ta.

Ba a daɗe ba akuya ta haihu, tagwaye. Muna tsaye muna murna sai ga Alhaji ya fito yana washe baki, yana ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Akuyata ta sauka lafiya."

"Akuyarka, Alhaji?"

"A gidan wa ta haihu? A turken wa? Ƙasar wa ta sha jinin?"

Na ce ai jingina ce, ba sayarwa na yi ba. Ya ce shi ma bai ce uwar tasa ba ce, amma 'ya'yan bai ga lokacin da na kawo su daga Kano ba. Bunsurun ma da ya yi aikin ba nasa ba ne, na wani maƙwabci ne mai sayar da itace, amma shi bawan Allah ko sannu ba a ce masa ba.

Bayan 'yan kwanaki akuya ta tsinke igiya ta cinye gefen tabarmar da Alhaji yake zama a kai. Ina cikin aiki na ji ihu. "Maƙeri! Maƙeri! Zo ka ga ɓarnar akuyarka!"

A nan na fahimci yadda aka raba dabbar nan. Bakinta nawa ne, bayanta nasa. Duk abin da ya shiga ta gaba ni zan biya, duk abin da ya fito ta baya shi zai kwashe. 'Ya'ya nasa, nono nasa, har kashinta tarawa yake yi a kwando ya sayar wa masu lambu a bakin kogi. In ta haifi namiji sai ya bari ya tasa a kan dusarmu, sallah na matsowa ya ja shi kasuwa. In mace ce ya bar ta a turke, ita ma ta girma ta haihu. Kafin wani lokaci gindin bishiyar nan ya cika da jajayen awaki, duk mai ɗakina take ciyarwa, don ta ce ba za ta iya ba uwa abinci 'ya'ya suna kallo ba.

Na je wajen limamin unguwa na tambaye shi. Ya ce 'ya'yan dabbar jingina na mai dabbar ne, mai riƙo riƙo kawai yake yi. Na dawo da ƙarfina na gaya wa Alhaji. Ya saurare ni har na gama, ya ɓantari goro, ya ce, "Shi liman yana da gidan haya?" Na ce ba shi da shi. Ya ce, "To ka gani."

Akwai lokacin da kasuwa ta yi mini kyau, na haɗa abin da ya nema tun farko na kai masa, na ce ga ajiya, a ba mu akuya. Ya dubi kuɗin kamar na miƙa masa kunama.

"Wace akuya? Wadda ka kawo mini 'yar ramammiya ce, ana ƙirga haƙarƙarinta. Wannan kuwa uwa ce, ta yi jiki a gidana. Wannan ɗan abin ba zai fanshe ta ba."

"Alhaji, da dusar wa ta yi jikin?"

"Da inuwar wa ta sha?"

Wani zai ce me ya hana ni tashi. In tashi in je ina? Kuma in na tashi dole sai an duba ɗaki, ni kuwa na riga na san mai dubawar. Haka muka zauna har yarinyar da muka zo da ita a goye ta fara zuwa ɗebo ruwa.

Sai ga shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri. Gari ya cika da ma'aikata masu albashi, kowa yana neman ɗaki, masu gidaje suka fara kallon tsofaffin 'yan hayarsu kamar masu warin jiki. Wata safiya Alhaji ya kira ni ya ce, cikin tausasa murya, ɗan'uwansa ne zai zo daga gida, yana bukatar ɗakin. Na ga ɗan'uwan ranar da ya zo duba wuri: gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a aljihu, kuma sai da aka yi musu tafinta shi da Alhaji. Na ce lallai dangin nan sun daɗe ba su haɗu ba.

Ban yi gardama ba. Gaskiya ma murna na yi, don na ga ranar sauke rantsuwa ta zo. Na samu wani ɗaki a ƙetaren kogi, wajen Kasuwar Kwastam. Mai ɗakina kuwa ta ɗaura ɗamara ta hau gyara. Da ma tuni ta yi wa ɗakin daɓe, ƙasan ya zama kamar tafin hannu. Ta sake yaɓe bango, ta shafe shi da farar ƙasa. Ni kuma tun shekarar farko na yi masa ƙyaure da garewani, mai sakata, wanda duk gidan ba irinsa. Ɗakin da muka samu kamar akurki, ya zama ko amarya aka kawo ba za ta raina ba.

Ranar tashi muka ɗaure kaya muka fito da su tsakar gida. Alhaji ya zo da sandarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Maƙeri, me na yi maka?"

Ya ɗaga sanda ya nuna azara, ya ce hayaƙi ya baƙanta ta. Na ce baƙa na same ta. Ya ce ta ƙara. Ya nuna inda na kafa ƙusa ina rataye riga. Sannan ya daki ƙyaure da sanda.

"Wa ya ce ka sa mini wannan? Ka huda mini bango."

"To bari in cire abina in tafi da shi."

"Ka cire ka bar mini ramuka? Kada ka soma."

Ya shiga ciki, ya goga ƙafarsa a kan daɓe.

"Dubi nan. Na ba ka ɗaki mai turɓaya, mai laushi, ka mayar mini da shi santsi. In baƙo ya zame ya karye, wa zai ɗauki jinya?"

"Alhaji, gyara fa muka yi!"

"Me na ce maka ranar da ka zo? Na ce ka bar mini ɗakina yadda ka same shi. Tsakaninka da Allah, haka ka same shi?"

Gaskiya kam ba haka na same shi ba. Daga nan ya fito waje ya shiga jero laifin akuya: tabarma, zanan bayan gida da ta ci, ɓawon bishiya da ta ɓare, wani rawani da aka shanya tun shekarun baya ta tauna gefensa. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu. Wani ikon Allah, da ya gama, ɓarnar ta tashi daidai kuɗin akuya, ba ragi ba ƙari. Ya ce saboda zumunci ba zai nemi ciko ba, mu tafi lafiya.

Na waiwaya. Mai ɗakina tana tsaye kusa da kaya, tasar dusa a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, na taɓa jin wata rantsuwa a ɗakin nan."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na faɗa wa Alhaji maganganu, har da zancen Dikwa. 'Yan haya suka fito, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, aka rirriƙe mu, aka ce a tafi gaban bulama, wato mai unguwa.

Bulaman wani dattijo ne Babarbare, dogo, mai sanyin magana, kullum yana zaune a ƙofar gidansa da mutane kewaye da shi. Muka durƙusa muka yi gaisuwa.

"Wushe, wushe," in ji shi. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya yi murmushi. "Afuno biyu, akuya ɗaya. Ku Hausawa ku baro garinku, ku zo namu ku cuci juna, sannan ku kawo mana mu raba ku. To, ina ji."

Kowa ya faɗi nasa. Da muka gama ya juya wajen Alhaji.

"Tambaya ɗaya gare ni. Akuyar nan ta wace ce?"

"Ranka ya daɗe, ya danganta."

"In ta ci tabarma?"

"Tasa ce."

"In ta haihu?"

"Wannan kuma, ranka ya daɗe, a gidana ta haihu."

Wurin ya kwashe da dariya, har da masu wucewa. Bulama ya share hawaye da gefen rawani, ya ce tun da yake bai taɓa ganin akuya mai iyayen gida biyu ba, gaba da baya, a kawo masa ita ya gani. Aka koro ta, ita da 'ya'yanta da jikokinta, suka cika ƙofar gida. Bulama ya tashi ya zagaya su. Ya shafa bayan wannan, ya ɗaga kunnen waccan. Ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce yau gaskiya ta yi halinta.

Ya koma ya zauna ya yi gyaran murya. Ya ce magana ce mai nauyi, ba a yanke irinta a tsaye. Don kada ɗayanmu ya taɓa dabbobin kafin hukunci, za su zauna a gidansa amana.

Ni da bakina na ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe." Har na ƙara sunkuyawa. Da na dubi Alhaji sai na ga fuskarsa ta zube kamar an gaya masa rasuwa. Shi ya riga ni ganewa, don sana'arsa ce. Kalmar amana yana jin ta ya san inda aka nufa.

Muka koma sabon ɗaki ba akuya. Daga nan na zama ɗan zarya. In rufe rumfa, in sayi goro, in ƙetara Gwange in gaida bulama. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da Alhaji ya riga ni, shi ma da goronsa. A tabarma ɗaya ake zaunar da mu. Amsa kullum ɗaya ce: "Ana dubawa." Aka kuma ce tunda dabbobin na masu shari'a ne, masu shari'a su riƙa kawo dusa. Ranar da na ga Alhaji ya shigo da ƙullin dusa a hammata, wadda ya saya da kuɗinsa, na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba.

Amma fa garken raguwa yake yi. Yau a ce bulama ya yi baƙi daga ƙauye, gobe a ce wata ta ɓata. Rannan muka je muka tarar ana suna a gidan, aka ce mu zauna mu ci albarka. Aka ajiye mana akushi ɗaya, ni da Alhaji. Ya ɗauki wani ƙashi ya daɗe yana juya shi, idonsa ya kawo ruwa. Ya matso kusa da kunnena.

"Maƙeri, wannan fa ɗan akuyarmu ne."

Ranar na fara jin ya ce akuyarmu. Sai da ɗanta ya shiga miya sannan muka zama abokan tarayya. Kuma duk da haka sai da ya fi ni cin naman.

A gida kuwa ba faɗa, ba zagi, kuma da an yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Mai ɗakina ta ɗauki tasar nan ta kife ta a bakin ƙofa, daidai inda zan tsallake in zan fita, in tsallake in na dawo. In na ce mata ana dubawa, sai ta ce, "Allah ya ba su ido." Tuwo yana zuwa a kan lokaci, amma hira ta mutu. Mutumin da ya yi rantsuwa a kan abin matarsa bai cika ba, ko a ɗakinsa baƙo ne.

Ana nan sai na ji labari a ƙofar bulama cewa zai aurar da 'yarsa, kuma masu girki sun riga sun sa ido a kan babbar, mai farin goshin. Na dawo gida na gaya wa mai ɗakina. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta tambaye ni, "Da wane lokaci suke sakin dabbobi a gidan?" Na ce da hantsi.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi, ta zuba dusa a tasa, ta ɗauki ludayi.

"Taso mu je. Amma ka tsaya daga nesa, kuma kada ka buɗe baki. Bakinka ne ya kawo mu nan."

Rani ne, kogi ya ƙafe, muka taka yashi muka haye. Bulama yana zaune da jama'arsa kamar kullum, Alhaji yana gefe da ƙullin dusarsa. Mai ɗakina ba ta nufi zaure ba. A tsakiyar hanya ta tsaya, inda kowa yake wucewa, ta ɗaga tasa ta ƙwanƙwasa. Muryar nan mai mura ta tashi.

Daga can cikin gida muka ji kuka. Kafin wani ya ce me ke nan, sai ga jar akuya ta faso zaure a guje tana jan guntuwar igiya, ta tsallake ƙafar wani dattijo, ta kifar da butar bulama. Sauran da ba a kai ga cinyewa ba suka biyo ta a jere. Ta zo ta cusa kai a jikin mai ɗakina tana wani irin kuka, kamar mai kai ƙara.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Sata! Ranka ya daɗe, sata da rana tsaka!"

Mai ɗakina ta durƙusa daga inda take ta gaida bulama.

"Baba, ban shiga gidan kowa ba, ban taɓa igiyar kowa ba. Tasata nake kaɗawa a kan hanya. In akwai mai akuyar nan a wurin nan, ya kira abarsa."

Alhaji ya kwance ƙullinsa ya miƙa hannu. "Ke! Zo nan! Zo, 'yar albarka!" Ya yi tsaki, ya kaɗa yatsa, ya durƙusa har rawaninsa ya kwance. Akuya ko kunne ba ta karkaɗa ba. Shekara da shekaru yana kwasar abin da ya fito ta bayanta, bai taɓa tsayawa ta gabanta ba, ina za ta san fuskarsa? Mutane suka taru, mata suna leƙe, masu tallan ruwa suka sauke garewani suna dariya.

Na dubi bulama. Ya dubi akuya, ya dubi taron jama'a, na ga yana auna abin a ransa. Can sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"To, abin da nake jira ke nan. Na ce muku ana dubawa, kuna ganin kamar wasa nake yi. Ga shi an duba. Dabba ba ta karɓar goro. Ta nuna mai ita."

Wuri ya ɗauka, "Allah ya ja zamanin bulama! Kai, wannan hikima!" Har yau in ka je unguwar za ka samu tsofaffin da za su ba ka labarin yadda bulama ya yi dabara ya gano mai akuya. Ba mai ambaton tasa, ba mai ambaton naman suna.

Mun juya za mu tafi sai ya ƙara magana. "Amma waccan 'yar ƙaramar ta tsaya, ladan turke." Aka kama ta. Na buɗe baki, mai ɗakina ta harare ni, na rufe. Haka muka ratso Gwange, tana gaba tana ƙwanƙwasa tasa, awaki suna bin ta, ni ina can baya kamar wanda aka ɗauka kiwo. Ƙyaurena kuwa yana gidan Alhaji. An ce har ƙarin haya ya yi wa ɗan'uwan nasa saboda ɗakin yana da ƙyaure da daɓe.

Muna shiga gida sabon mai gidanmu ya fito daga zaure. Ya ga awaki, idonsa ya yi wani haske da na riga na sani.

"A'a, maƙeri, ashe kana da dabbobi? Ka san fa har yanzu ba mu yi zancen ajiya ba."

Na shiga ɗaki na jawo wani guntun ƙarfen mota da nake daddaƙa gwangwani a kai kafin in samu wanda ya fi shi, mai nauyin tsiya, na dire masa a gaban ƙafa. Na ce ga ajiya. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa, ba ya ƙiba a inuwar kowa. Ranar da na tashi, in ya iya ɗagawa ya riƙe.

Da yamma mai ɗakina ba ta mayar da tasar bakin ƙofa ba. Ta kawo mini tuwo, ta zauna, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na ce mata to, ga shi Allah ya sa rantsuwa ta cika. Ta ce, "Ta cika, Malam. Kai ka yi ta, ni na sauke maka."

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Kada ka ba mai gidan haya riƙon abin da yake numfashi. In ya fara da cewa ku 'yan gari ɗaya ne, ka ƙara riƙe kayanka. In mai raba gardama ya ce a kawo abin ya ajiye, kada ka yi godiya sai ka ga abinka ya fito. Na haye gidajen haya da dama bayan wannan, na ba da ajiya iri-iri, wata ta dawo, wata ta bi ruwa. Amma tun daga ranar ban sake ɗaukar abin matata na miƙa wa wani ba, kuma ban sake yin rantsuwa a kan abin da igiyarsa take hannun wani ba.